Zauren Anti: Za mu haɗa wa ƙawarmu shayin amarya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da ƙoƙari. Ni ce babbar ƙawa a bikin aminiyata da za a yi cikin watan Janairu a nan Kano. Mu 12 ne tun daga sakandare muke tare, kuma mun yanke shawarar haɗa mata irin liyafar nan ta ƙawaye da ake ce wa biraidal shawa, amma ta shan shayi, irin wadda muke gani a Instagram. Kowaccenmu ta ba da naira 15,000. To tun ba a je ko'ina ba kai ya rabu. Wasu sun ce sai an kama hol an kira mai kwalliyar wuri, wasu sun ce a fitar da anko, wata ma cewa ta yi a ɗauko DJ. Sunayen waɗanda za a gayyata sun kai 70. Kuɗin ba za su isa ba, har an fara cewa a je wajen maman amarya ta cika mana. Ni kuma ban taɓa dafa shayin da ya wuce na mutanen gidanmu ba. Anti, ta ina zan fara?
— Babbar ƙawa, daga Gwale, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Maganar zuwa wajen maman amarya ki kashe ta tun yau. Matar nan yanzu haka lissafin gado da katifa da kujeru take yi, ga kayan kicin, ga gara, ga abincin 'yan biki da za su sauka mata a gida. Ku da kuka ce za ku karrama 'yarta, sai kuma ku je mata da ƙoƙon bara? Liyafar ƙawaye, ƙawaye ke ɗaukar nauyinta. Abin da za ku nema a wajenta izini ne kawai. Ku je ku biyu ko uku, ku durƙusa ku gaishe ta, ku faɗa mata gidan da za a yi, da lokacin da za ku dawo mata da 'yarta, ta duba muku ranar da ba ta ci karo da wata hidima ba. Kada ki biye wa masu cewa a yi wa amarya ba-zata har uwarta ba ta da labari. Yarinyar da aka sa wa rana ba a ficewa da ita haka kawai. Ranar kuma kada ta faɗa cikin makon biki, lokacin da amarya ke hannun mai gyaran jiki, kowa kansa ya ɗau zafi. Mako biyu kafin ɗaurin aure ya yi.

Abin da ke hannunki naira 180,000 ne. Idan kika kama hol kika kira mai kwalliyar wuri, sun tafi, ba a sayi ko ƙullin citta ba. Saboda haka babu hol, babu DJ, babu anko. Ankon biki ma da ƙyar wasunku za su fitar, ba sai an ƙara musu wani ba. In ana son hoto ya yi kyau, a ce kowa ta sa abin da take da shi mai launi kaza, shi ke nan.

Mutum 70 kuwa ba shan shayi ba ne, yini ne. Ki mayar da su 25, da ku a ciki. Na san za a yi miki tsegumi, amma ki duba wani abu. A duk shagulgulan bikin nan, kamu ne, yini ne, dina ce, babu inda amarya za ta zauna ta yi hira da ku. Za a ɗora ta a kujera, an naɗa mata ɗauri ya matse mata kai, mai hoto yana cewa ta juyo nan ta kalli can, gwaggo na jan ta ta gaida wance, ku kuma kuna can kuna rabon abinci da kayan rabo, ƙafafunku sun kumbura. Daga nan sai kai amarya, sai kuka, kowa ta kama gabanta. Wannan zaman shi kaɗai ne nata da ku. Da zarar mutane sun wuce yadda za a zauna a falo ɗaya kowa na jin muryar kowa, an ɓata shi, ya koma irin sauran. Ki ba amarya takarda ta rubuta waɗanda take so da hannunta. In ta saba da ƙanwar ango, a sa ta. In ba ta saba ba, akwai ranarsu.

Shi wannan shayin yamma da kuke gani a hoto, na Ingila ne. Ana danganta shi da wata basarakiya mai suna Anna ta gidan sarautar Bedford, wadda ta yi hidima a fadar Sarauniya Biktoriya. Wajen 1840, lokacin manyan gidajensu ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8, yunwa kan dame ta da yamma, sai ta sa a riƙa kawo mata shayi da ɗan burodi da kek ɗakinta, daga baya ta fara kiran ƙawayenta su taya ta. Na kawo miki wannan ne don ki ga tun asalinsa abin taɓawa ne tsakanin abincin rana da na dare, ana sha ana hira. Ba a dafa shinkafa. Lokacinsa ma ya yi daidai da namu: a fara bayan la'asar, ƙarfe 4, a tashi kafin magariba. A Janairu rana na saurin faɗuwa, don haka ki rubuta wa mutane 3:30, kin dai san halinmu. Amarya kuma kada a kai ta wajen mai kwalliya ranar. Ta shafa hodarta ta sa kwalli ta fito. Na sha ganin liyafar da shayi ya huce, samosa ta yi sanyi, ana jiran a gama manna wa amarya gashin ido.

Wuri: falon ɗaya daga cikinku, ko tsakar gida mai inuwa, gidan da babu maza masu shige da fice a lokacin. A fitar da kujeru in sun cika wurin, a shimfiɗa kafet, a jera tum-tum da filalluka, a sa ƙananan tebura a tsakiya. Turaren wuta a sa shi tun kafin baƙi su iso, ya kama labule da kafet, sannan a fitar da kaskon. Idan hayaƙi na tashi ana shan shayi, ƙamshin shayin ba zai fito ba, kayan ciye-ciyen ma sai su ɗauki ɗanɗanon turare.

Kofuna ba sai kun saya ba, ba kuma sai kun yi haya ba. Babu gidan da a cikinku za a rasa saitin kofunan shayi da butarsu a cikin kabad ɗin mama, waɗanda aka zo da su daga Makka ko Dubai shekara da shekaru, ana goge musu ƙura ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Kowacce ta je ta lallaɓa mamanta ta aro. Ba sai sun zama iri ɗaya ba, bambancin ma ya fi kyau a ido. Sai dai ki ɗiga jan farce a gindin kowane saiti, kala daban-daban, ki rubuta a takarda na gidan wa ye, domin ranar mayarwa ake faɗa. Ki kuma ware ɗan kuɗi a gefe, kofi ɗaya ko biyu sai sun fashe. Kofin roba ko na takarda kada ya shigo wurin. In da shi za a sha, gara a fasa kiran abin liyafar shayi.

Yanzu ga shayin kansa, wanda shi ne mutane ke rainawa. Za ki ga an kashe kuɗi a balan-balan da furen roba, sannan a turo wa baƙi ruwan ɗumi da ganye na yawo a ciki. Ke ki juya lissafin.

Kofin shayi yana cin kusan mililita 200. Ki lissafa wa kowa kofi biyu, mutum 25 ke nan kofi 50, wato lita 10. Da yake lokacin sanyi ne, ki ƙara lita biyu. Ruwan ki duba shi. In na rijiyar burtsatsen gidan yana da zartsi, shayin zai dushe, ki ga wata yana-yana ta kwanta a samansa. Gara ki sayi ruwan leda ki dafa da shi.

Ki fara da kayan ƙamshi su kaɗai. Ɗanyar citta cikin tafin hannu biyu, a wanke a daddaka, kirfa sanda huɗu, kanumfari cokali ɗaya na cin abinci, kada ya wuce haka domin kanumfari mugun ɗan mulki ne, in ya yi yawa ba za a ji komai ba sai shi, har harshe ya yi nauyi. Wasu na jefa masoro kaɗan, ni ma ina so a lokacin hunturu. A bar su su tafasa kamar minti 15, sai gidan ya ɗauka. Sannan ki sauke tukunyar, ko ki kashe wutar, ki zuba ganyen shayi. Nan ne yawancinmu ke kuskure, a zuba ganye a bar shi yana ta tafarfasa har a gama soya cincin. Baƙin ganye minti 4 zuwa 5 yake so a cikin ruwan da ya tafasa, daga nan a tsame shi. In ya wuce haka sai ya saki ɗaci da bauri, irin wanda ke kama dasashi, ki ga ana ta loda sukari ba a gane komai ba. In mai zare ne, ƙulli ɗaya kofi ɗaya, amma a babbar tukunya za ki iya rage kaɗan, 40 sun ishe ki. Kada ki matse su da cokali wajen tsamewa. Na'ana'a a ƙarshe ake sa ta, bayan an tsame ganye, ta yi minti biyu ita ma a cire, in ba haka ba ta yi baƙi ƙamshinta ya gudu. Ganye kuwa ba sai na waje ba. Muna da namu da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda ake sayarwa da sunan Highland Tea, kuma yana da ƙarfi daidai shayin madara.

Sai a tace a zuba a filas. Filas ɗin ki fara ɗauraye shi da tafasasshen ruwa ya ɗau zafi, ki zubar, sannan ki zuba shayin. Kuma ki shinshina shi tukuna. Filas ɗin da aka saba zuba kunun tsamiya ko farfesu a ciki ba ya rabuwa da warinsu. Daga filas ake cika butocin shayi kaɗan-kaɗan ana kaiwa gaban baƙi, ba a jibge musu filas a tsakiyar kafet kamar ɗakin mai jego ba.

Kada ki sa sukari a tukunya, kada ki sa madara. A cikin mutum 25 akwai mai ciwon suga, akwai mai rage ƙiba saboda ɗinkin biki, akwai wadda madara ke ɓata wa ciki. Madarar gwangwani ki juye ta a ɗan jug ki ɗumama ta kaɗan, don kada ta kashe zafin shayin. Sukari mai ƙwaya a ƙaramin kwano, zuma a gefe, in kuma kin samu mazarƙwaila ki farfasa ta ƙanana ki ajiye, za ki ga yadda za a yi rububinta. Lemon tsami a yanka a wani faranti daban, ki kuma gaya wa mai zubawa kada ta haɗa wa mutum lemon tsami da madara a kofi ɗaya, nan take zai tsinke.

Bayan wannan, in kuna son abin da za a daɗe ana labari, ku nemo wadda ta iya shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya. A Kano ba za a rasa 'yar Agadas ko Damagaram ko Maraɗi da ta tashi da shi ba. Ta zauna a gefe da ɗan kurfotinta na gawayi da 'yar butarta da ƙananan kofunan gilas, tana dafa koren ganyen nan na Sin, tana ɗaga buta sama tana tsiyayawa har kumfa ta taru a bakin kofi. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya, na farko mai ɗaci, na biyu ya sassauto, na uku zaƙi. Shi kaɗai ya ishe ku abin kallo, ba ku buƙatar mai kiɗa. Amma a sa kurfotin a waje ko bakin ƙofa inda iska ke shiga, ba a rufaffen falo ba, hayaƙin gawayi ba abin wasa ba ne. Na farkon nan kuma yana hana barci, mai ciki da mai gyambon ciki su jira na uku ko su haƙura. Saboda waɗanda ba sa shan shayi ki tanadi zoɓo mai citta, mai ɗumi, lita uku. Shi ma ba ya shiri da madara.

Abin taɓawa: Turawan Ingila suna jera nasu a faranti mai hawa uku, ƙasa burodi mai haɗi, tsakiya wani ɗan kek nasu da ake shafa wa kirim da jam, sama kayan zaƙi, a ci daga ƙasa zuwa sama. Tsarin yana da hikima, a fara da mai gishiri a ƙare da mai zaƙi, sai ki ɗauki tsarin ki zuba namu a ciki. Yarinyar da ta taso daga Hotoro ko Rijiyar Zaki ta biya kuɗin adaidaita, in kika ajiye mata yankan burodi da kokwamba, za ta ci ta yi godiya, a hanya kuma ta yi da ke. Ki sa samosa, ki sa ƙananan masa da ɗan yaji a gefe, ki sa tsire a ciccire shi daga tsinke, ko dambun nama. A ɓangaren zaƙi ga alkaki, ga dubulan, ga gireba, ga tuwon madara, ga dabino. Babu abin da ya kai alkaki dacewa da shayin da ba a sa wa sukari ba. Sai dai a yi su ƙanana, loma ɗaya ko biyu, don kada zuma ta bi hannu ta ɓata wa mutane kaya. Ki lissafa wa kowa guda shida ko bakwai, mai gishiri ya fi yawa. Kek ɗaya matsakaici ya isa, na amarya ta yanka.

Alkaki da dubulan kada ku ce za ku gwada da kanku ranar. Kowace unguwa akwai dattijuwar da aka sani da su, ku kai mata aiki tun yanzu, domin Disamba da Janairu layi ake yi a wajensu. In kun nace sai kun yi burodi mai haɗi, a yi shi awa ɗaya kafin a fara, a lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, in ba haka ba iskar hunturu za ta mayar da shi ƙanzo. Duk abin da aka sa wa ƙwai ko kifin gwangwani ko mayonis kada ya wuce awa biyu a waje.

Sayayya kuma ku yi ta a dunƙule: madara da sukari da ganye a Singa, citta da kirfa da kanumfari a Kasuwar Rimi. Mutum biyu su je, su dawo da lissafi a rubuce, ki tura a guruf ɗinku kowa ta gani. Kuɗin karo-karo, ko naira ɗari ce ta ɓace, sai an shekara ana maganarta. In kika bi haka, abin da kuka tara zai yi shayin har a samu ragowar da za a saya wa amarya kyauta ɗaya mai kyau da sunanku duka.

Abin da za a yi a zaune ba sai kin cika shi da wasanni ba. Na ga wanda ake naɗe mutum da takardar banɗaki wai rigar amarya, wannan ki bar wa masu shi. Ki sayi littafi mai bango mai kauri, ya zagaya, kowacce ta rubuta girki ɗaya da ta iya, da addu'arta, ta sa hannu. A yi 'yan tambayoyi a ga wa ta fi sanin amarya, a tuno malamai da 'yan aji, a yi dariya. Hirar da kanta za ta zo in dai kun bar mata fili.

Abu biyu ne nake so ki tsaya a kansu ko da za a ce kin cika tsanani. Na farko waya. Mata ne zalla, za a cire mayafi, wata za ta cire ɗankwali, wata za ta tashi ta taka. Tun a bakin ƙofa ki faɗa: mutum ɗaya ce mai ɗaukar hoto, a lokacin da aka ware, kowa ta gyara jikinta, kuma babu abin da zai hau TikTok ko Instagram sai amarya ta gani ta yarda. Bidiyon minti ɗaya ya sha jawo magana daga dangin ango tun ba a ɗaura ba, ya kuma sha haɗa matar aure da mijinta alhali ita zuwa kawai ta yi. Na biyu masu tallan kayan mata. Sun gano irin wannan zama, sai ki ga wata ta biyo ƙawar ƙawa da jakarta, kafin ki ankara an buɗe kwalabe ana ɗura wa amarya abin da ba a san da me aka haɗa ba, babu lambar NAFDAC babu komai, saura kwana kaɗan bikinta. Wadda ba a rubuta sunanta ba kada ta shigo. Gyaran amarya aikin iyayenta ne da wadda suka yarda da ita.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni uwa ce, 'yata ta fari zan aurar. Ƙawayenta sun zo wai za su yi mata liyafar shayi kafin biki. Ni dai a zamaninmu kamu muka sani da sa lalle da yini da buɗar kai. Wannan ba kwaikwayon Turawa ba ne? Ga shi mahaifinta ya ce bidi'o'in biki sun yi yawa, shi walima kawai ya sani. In hana, ko in bari?
— Uwar amarya, daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a yi da mu, ya ba su zaman lafiya.

Gaskiyarki, daga waje ya zo. A Amurka ya yi ƙarfi, tun wajen shekarun 1890, inda ƙawayen amarya ke taruwa su haɗa mata kayan amfanin gida. Mu kuma ya shigo mana ta finafinai da waya. Shi ma Alhaji yana da gaskiya. Biki ɗaya yanzu sai ki ƙirga taro shida ko bakwai, wannan daren Larabawa, wancan ranar Fulani, wancan na iyaye mata, kowanne da ankonsa da hol ɗinsa, a gama a bar iyaye da bashi.

Amma Hajiya ki tuna naki bikin. Ina kika ɓuya ranar da za a kama ki? Ba gidan ƙawa ba? Su wa suka kewaye ki ana sa lalle, su wa suka tsare ƙofa ranar sayen baki suka ƙi sakin ki sai da abokan ango suka biya? Ƙawaye dama suna da rabonsu a bikin Bahaushe. Abin da ya faru shi ne bikin ya koma hol, rabon nasu ya shige cikin hayaniya, shi ne suke neman wani wurin. Mata su taru a cikin gida da rana, su sha shayi, su ba 'yar uwarsu kyauta, su yi mata addu'a, ni ban ga abin ƙi a ciki ba. Kyauta ma an kwaɗaitar da mu ita, hadisi ya zo cewa ku riƙa yi wa juna kyauta za ku so juna. Abin dubawa shi ne me za a yi a wurin, su wa za su shiga, ƙarfe nawa za a tashi.

Shawarata, ki ce kin yarda amma a gidanki za a yi, ko gidan yayarki ko ƙanwarki. Ki ba su falo, ki leƙo ki sa musu albarka, sannan ki koma ɗaki ki ja ƙofa, domin in kina zaune ba mai sakewa. Kada ki ba da ko sisi, nasu ne. Shi kuma Alhaji kada a yi a bayan idonsa. Ki faɗa masa yadda abin yake: yara 20 ne za su sha shayi a falonsa daga la'asar zuwa magariba, babu kiɗa babu maza. Da wuya ya ƙi wannan. In kuma ya ce a'a, to a'a ɗin ce, sai ki ce wa yaran su kawo shayinsu da alkakinsu ranar sa lalle, su yi zamansu a ɗakin amarya ana zana mata.

TAMBAYA: Anti, an gayyace ni shayin amarya, an ce kowa ta zo da kyauta. Ni ɗaliba ce, abin da zan iya fitarwa bai wuce naira 3,000 ba, sauran kuma na ji suna maganar blenda da saitin tukwane. Ina jin kunya, har na fara tunanin in ce ba ni da lafiya.
— Ɗaliba, daga Sakkwato

AMSA: Ki je, 'yata, kada ki ƙirƙiro wa kanki ciwo. Blenda da tukwane iyayenta sun riga sun saya, wataƙila ma biyu-biyu, na ƙawayen nan a kwali za su ƙare a saman kabad. Abin da ake mantawa ranar jere ƙananan abubuwa ne, sai amarya ta kwana biyu a ɗakinta ta tashi za ta ɗora tukunya ta ga babu ashana, babu abin buɗe gwangwani, babu maburgi, babu matacin shayi, maɓalli ya tsinke babu allura da zare. Ki samu ɗan kwando ko roba mai murfi, ki zuba waɗannan, ki ƙara da muciya da tsinken sakace da ƙyallen goge hannu guda biyu. In da sauran canji, ki daka mata yaji mai daɗi ki zuba a kwalba mai tsabta, ki rubuta sunanta a jiki. Ki naɗe da ɗan yadi ki ɗaure da zare.

Ke kuma babbar ƙawa ta Gwale, da duk mai shirya irin wannan zama, ga abin da wasiƙar nan ta tuna mini: kada a buɗe kyaututtuka a gaban jama'a ana ɗagawa ana kiran sunan mai shi. A can inda aka aro abin haka suke yi, mu a nan kunyata mutane ne. A tara su a gefe ɗaya, a sa a mota tare da amarya, ta buɗe a ɗakinta ita da mamanta, ta bi kowa da saƙon godiya daga baya.